Sakamakon makarantar yarona a jarabawar jiha ya yi ƙasa, in cire shi ne?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Bronx, cikin birnin Niyok na Amurka, ta turo tambaya cewa ɗanta zai shiga aji 3 a firamaren gwamnati ta unguwarsu, sai ta shiga intanet ta ga yaran makarantar da suka ci jarabawar jiha ta Turanci basu kai kashi ɗaya cikin uku ba, lissafi ma kusan haka. Maigidanta yace a cire yaron kawai. Tana so ta sani, makarantar ce ta lalace ko yaya abun yake, kuma a cire shi ko a barshi.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Ni koyarwa nake a firamaren gwamnati a wannan jihar kuma na daɗe ina zama da iyaye kan wannan maganar, dan haka zan faɗa miki abunda na sani kai tsaye: kar ki cire shi saboda wannan lambar kaɗai. Bawai ina cewa makarantar na da kyau bane, ban santa ba, tana iya yiwuwa ma ta cancanci a gudu daga cikinta, amma lambar da kika gani bata isa ta nuna miki hakan ba, akwai wasu lambobin da tambayoyin da suka fita amfani kuma duk kina iya samunsu cikin sati ɗaya.

Da farko ki san me ake aunawa. Dokar tarayya ce ta tilasta wa kowace jiha ta yi wa yara jarabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, tun dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002, wadda aka maye gurbinta da wata dokar mai suna ESSA a 2015 zamanin Obama, amma tilascin jarabawar yana nan bai tashi ba. Kowace jiha ita ke tsara tata, shi yasa ba'a kwatanta kashi 40 na Niyok da kashi 40 na Tekzas, ba jarabawa ɗaya bace kuma ba layi ɗaya aka ja ba. A nan wajenmu ana yinta a watannin Afrilu da Mayu, Turanci kwana biyu lissafi kwana biyu, 'yan aji 5 kuma ana ƙara musu ta kimiyya. Ana raba yara mataki huɗu, 1 da 2 da 3 da 4, wanda ya samu 3 ko 4 shine ake cewa ya kai abunda ake so ɗan ajinsu ya kai. Toh wannan kashin da kika gani, adadin masu 3 da 4 ne kawai. Yaron da maki ɗaya ya rage masa ya shiga mataki na 3, da wanda ko haɗa baƙi bai iya ba, duk a kwando ɗaya aka zuba su wai basu ci ba. Kinga kenan tun daga nan lambar ta ɓoye abu mai yawa.

Kuma layin da ake ja ɗin nan mutane ne ke zama su ja shi, yana matsawa. A 2012 kusan kashi 55 na yaran jihar Niyok ne suka ci Turanci, lissafi kusan 65. Shekara ɗaya kacal, a 2013, da aka kawo sabuwar jarabawa bisa tsarin Common Core, wato sabon ma'aunin abunda ake so yaro ya iya a kowane aji, duka biyun suka faɗo wajen kashi 31. Yaran nan dai sune, malaman sune, ba wanda ya manta karatu cikin wata goma sha biyu, jarabawar ce aka tsaurara. A 2020 ba'a yi ta ba gaba ɗaya saboda korona, a 2021 yara da yawa basu zauna ba, sannan a 2023 aka sake sabon tsari, ga shi kuma an bi a hankali ana mayar da ita kan kwamfuta. Saboda haka in kin ga wani shafi ya jera miki shekara goma yana nuna makaranta ta hau ko ta sauka, ki yi hattara, ba mudu ɗaya aka yi awon da shi ba.

Amma babban abun da nake so ki riƙe shine wannan. Yawan waɗanda suka ci ya fi gaya miki su waye ke shigowa makarantar, fiye da abunda makarantar ke yi musu bayan sun shigo. Wannan ba ra'ayina bane ni kaɗai, tun rahoton Coleman na 1966, wani babban bincike akan makarantun Amurka, ake ganin cewa halin gidan da yaro ya fito yana da nauyi sosai akan makinsa. Ki duba ajin da ke unguwa irin taku: akwai yaron da ya sauka daga Yamai ko Kumasi ko Konakiri wata takwas da suka wuce, akwai wanda iyayensa ke shelta, wato gidan da ake ajiye marasa matsuguni, an canza musu wuri sau biyu cikin zango ɗaya, kuma a birnin nan yaran makaranta sama da 100,000 ne duk shekara basu da tsayayyen matsuguni, akwai mai buƙata ta musamman, akwai wanda uwarsa aikin dare take uban yana tuƙi har asuba. Sai ki ɗauki wata makarantar a unguwar masu hali inda yaro ke shiga aji ɗaya ya riga ya iya karatu, gida cike da littattafai, ga malamin lesin ana biya. In ta biyun ta samu kashi 80 ta farkon ta samu 30, wallahi wannan bai nuna miki wace ce ta fi iya koyarwa ba. Kamar masu kiwo biyu ne, ɗaya ya sayo ragonsa da ƙiba ɗaya ya sayo ramamme, in ranar sallah kawai kika auna su zaki yabi na farko, alhali mai yiwuwa na biyun ne ya fi iya kiwo, sai kin san nauyin kowanne ranar da aka sayo shi.

Wannan awon na biyu akwai shi, shine ma'aunin ci gaba. Jiha na ɗaukar makin yaro na bana ta kwatanta shi da na sauran yaran da suka samu maki irin nasa bara, a ga ko ya wuce su ko sun barshi a baya, sai a haɗa na duk yaran makarantar. Shi wannan yafi kusa da nuna aikin malamai. Wani masani a jami'ar Stanford, Sean Reardon, ya fitar da bincike a 2017 da ya ba mutane mamaki: makarantun gwamnati na Shikago, waɗanda makinsu ke ƙasa kuma kowa ke zagi, ya gano yaransu na samun ci gaban kusan shekara shida cikin shekara biyar tsakanin aji 3 da aji 8, sun fi mafi yawan gundumomin ƙasar. Da yawan waɗanda suka ci kawai aka kalla ba wanda zai gane haka. Dan haka ki shiga shafin bayanai na ma'aikatar ilimi ta jiha, data.nysed.gov, ki rubuta sunan makarantar, sannan ki nemi taƙaitaccen rahoton ingancin makaranta da ma'aikatar ilimi ta birni ke fitarwa, a cikinsa har da ra'ayin iyaye da na malamai da ake tattarawa duk shekara. Ni in ina duba makaranta, amsar malamai akan ko sun yarda da shugabansu kuma ko zasu ba wani shawarar ya kawo ɗansa, tana cikin abubuwan da nake fara karantawa, domin malamai sun san cikin gidansu. Ita kuma lambar nan ta 1 zuwa 10 ta GreatSchools da ke fitowa a shafin Zillow in ana neman gida, ƙungiya ce mai zaman kanta ke bada ita ba gwamnati ba, su ma an yi ta sukarsu cewa lambar na bin arzikin unguwa, har a 2020 suka ƙara wa ci gaba nauyi a lissafinsu.

Wani abun kuma da mutane basa lura, firamare ƙarama ce. Aji 3 da 4 da 5 ne kaɗai ke zama jarabawar, ci gaba kuwa 4 da 5 kawai ake iya aunawa tunda 'yan aji 3 basu da makin bara. A ce misali 'yan aji 3 su 60 ne, yara uku kacal sune kashi 5. Iyali biyu su tashi, wasu biyu su tare, ko mura ta kama aji a satin jarabawa, sai ki ga lamba ta yi tsalle sama ko ƙasa ba tare da komai ya canza a koyarwa ba. Shi yasa shekara ɗaya bata isa hukunci ba, ki duba daga 2023 zuwa yanzu a jere. Ki kuma buɗe inda aka rarraba sakamakon rukuni rukuni, masu koyon Turanci daban, masu buƙata ta musamman daban, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi daban, ki ga yadda yara irin naki ke yi a wurin, sannan ki kwatanta da makarantun da ke maƙwabtaka da ita masu irin yaranta. In makarantu uku na ɗibar yara daga unguwa ɗaya, biyu na wajen kashi 45 ɗaya na 20 shekara da shekaru, toh anan kam akwai magana.

Domin kar ki fahimce ni ba daidai ba, talauci ba hujja bane da makaranta zata fake da shi har abada, kuma abun na ci min rai in naji malami na cewa ai yaran unguwar nan haka suke. Misisipi na cikin jihohin da suka fi talauci a Amurka, a 2013 tana ta 49 a karatun 'yan aji 4 a jarabawar ƙasa ta NAEP, suka yi doka a shekarar suka horar da malamai kan koyar da sautin haruffa da haɗa baƙi a tsare, zuwa 2019 sun dawo ta 29. Ana muhawara akan wasu ɓangarorin abunda suka yi, musamman maimaita wa yara aji 3, amma ba mai musun cewa yadda ake koyar da karatu yana canza sakamako. Birnin Niyok ma a 2023 ya fara shirin NYC Reads, aka ce kowace gunduma ta zaɓi ɗaya cikin manhajoji uku da aka amince da su, a daina kowa na yin gaban kansa. Toh ki tambayi makarantar wacce suke amfani da ita kuma ko an horar da malaman aji 3 akanta.

Maki mai yawa shima ba kullum yake nufin alheri ba. A Atlanta binciken da jiha ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin yara, ana goge kuskure ana cike daidai, a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Waɗanda aka cuta sune yaran, an ce sun iya alhali basu iya ba, aka hana su taimakon da ya kamata su samu. Wannan ya yi tsanani, ba kasafai ake samun irinsa ba, wanda aka fi gani shine makaranta ta mayar da watan Fabrairu da Maris na atisayen jarabawa zalla, a ture kimiyya da tarihi da zane gefe, a tattara ƙarfi kan yaran da ke dab da mataki na 3 saboda sune zasu ɗaga lamba, na can ƙasa da na can sama a barsu. Irin wannan makarantar lambarta zata yi kyau amma ni bazan so ɗana a ciki ba.

Yanzu bari mu zo kan yaron naki, tunda shi kika haifa ba makarantar ba. Aji 3 aji ne mai nauyi, daga nan ake fara tsammanin yaro zai yi amfani da karatun ya koyi sauran abubuwa. A jarabawar za'a bashi labari ko bayani mai tsawon shafi ɗaya ko biyu, wasu tambayoyin ya zaɓi amsa cikin huɗu, wasu kuma ya rubuta da kansa ya kawo hujja biyu daga cikin abunda ya karanta. Anan yaranmu da yawa ke zubar da maki. Zaki ga yaro na karatu da murya tar tar ba gargada, uwa naji tana murna, sai ki rufe littafin kice toh me yasa yarinyar cikin labarin ta ƙi komawa gida, sai ya tsaya yana kallonki, ko ya baki amsa daga kansa wadda ba ta cikin labarin. Ki gwada shi yau da daddare, ko da Turancinki bai yi ƙarfi ba: ya karanta shafi ɗaya, ya faɗa miki da Hausa abunda ya faru, sannan kice ya ɗora yatsa akan layin da ya nuna haka. Wannan ɗora yatsan shine ainihin abunda jarabawar ke nema. Kuma dan Allah kar wani ya ce miki ku daina yi masa Hausa a gida wai dan Turancinsa ya yi ƙarfi, yaron da ake hira da shi mai zurfi da harshen uwarsa, ana bashi labari ana tambayarsa dalili, yana ɗaukar wannan basirar ya shiga da ita Turanci.

Lissafin aji 3 kuma sau ne da rabawa, da rabi da sulusi da kwata akan layin lamba, da auna faɗin fili, kuma babu kalkuleta. Yaran da suka fara makaranta a Nijar ko Ghana ko Najeriya sau da yawa sun fi 'yan nan haddar sau, amma tambayar na zuwa ne cikin labari, sai Turancin ya kayar da su ba lissafin ba, ga kuma inda ake cewa yaro ya nuna yadda ya yi ya samu amsar, in ya rubuta amsa tsurarta ko daidai ce baya samun cikakken maki.

Baki faɗa min ko a nan aka haife shi ba. In an rubuta shi cikin masu koyon Turanci, akwai wata jarabawar daban ta auna ƙarfin Turancinsa da yake yi duk shekara, kuma wanda bai cika shekara ɗaya a makarantun Amurka ba ana ɗauke masa jarabawar Turanci ta jiha sau ɗaya, amma lissafi sai ya yi. Ana fassara ta lissafin zuwa wasu harsuna kamar Sifaniyanci da Sinanci da Larabci, babu Hausa a ciki, sai dai ana iya neman a kawo mai fassara masa da baki, kuma wannan sai kin nema da wuri ba ana gobe jarabawa ba. Tun 2016 aka cire ƙayyade lokaci, yaro na iya ci gaba da aiki muddin yana yi, ki gaya masa haka domin da yawansu sauri suke kamar ana korarsu. Wani abun da zai kwantar miki da hankali, dokar jihar nan tun 2014 ta hana a dogara da wannan makin kaɗai ko a sa shi gaba wajen hana yaro wucewa aji na gaba. Wannan a Niyok ne, in kuka koma irin su Fulorida labarin aji 3 daban ne.

Zaki ji wasu iyaye na cewa a rubuta takarda a hana yaro zama jarabawar. Ana yi, a 2015 kusan kashi 20 na yaran jihar basu zauna ba, akasari a unguwannin bayan gari irin su Long Island. Suna da dalilansu, amma ni bana ba iyayenmu wannan shawarar. Waɗancan suna da hanyoyi goma na sanin matsayin 'ya'yansu, ke kuma wannan takardar na cikin 'yan abubuwan da zasu gaya miki gaskiya daga wajen makarantar, musamman in katin sakamakonsa na aji kullum na cewa komai lafiya. In katin aji yace ya iya, jarabawar jiha tace mataki na 1, kin samu abun riƙewa a hannu ki je ki tambaya, kuma yaron da makinsa ya yi ƙasa makaranta na da nauyin bashi ƙarin taimako. Matsalarta dai sakamakon baya fitowa sai wajen Agusta ko ma bayan haka, yaro ya riga ya bar ajin, shi yasa kar ki jira shi. Makarantu na yin nasu ƙananan gwaje gwajen na karatu da lissafi kamar sau uku a shekara, ki ce wa malamarsa ta nuna miki na farkon shekara, ki tambayeta a matakin wane aji yake karatu yanzu, me za'a yi masa, sau nawa a sati, waye zai yi, yaushe zaku sake zama. Kina da haƙƙin a kawo miki tafinta kyauta ko ta waya ne, ki nema, kar ki sa yaron ya zama shi ke fassara maganar da ake yi a kansa.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu mu kanmu, dole in faɗa. Fashi. Yaron da ya rasa kashi 10 na kwanakin makaranta, wato kwana 18 cikin 180, ana lissafa shi cikin masu yawan fashi, kuma kwana biyu ne kawai a wata. Mu kuma mun saba a tafi gida hutu a ƙara sati uku ko wata guda saboda tikiti yafi sauƙi a ƙarshen Satumba, ko biki ya taso a tsakiyar zango a kwashi yara. Na san darajar zumunci kuma ina son yaranmu su san gida, amma satuttukan farkon shekara sune ake gwada yara ana raba su rukuni, wanda ya dawo a makare yana bin baya ne har Disamba. Sallah ƙarama da babba dama birni na bada hutunsu tun 2015 in sun faɗo ranar makaranta. Ki duba adadin masu yawan fashi na makarantar ma, yana cikin rahoton, in ya yi yawa shima yana bayyana wani ɓangare na wancan makin.

Toh yaushe zan ce ki cire shi? In kin ga maki na ƙasa kuma ci gaban ma na ƙasa shekara biyu uku a jere, maƙwabtanta masu irin yaranta sun fita nesa, malamai na barin wurin duk shekara ko an canza shugaba sau da yawa, kin nemi ganin malama an yi ta miki yawo da hankali, ko kin shiga kin ga ajin ba tsari yara na yawo malama na ihu, in uku daga cikin waɗannan suka haɗu ki fara neman wani wurin ba tare da jin nauyin kowa ba. Ki je cibiyar karɓar iyalai ta ma'aikatar ilimi ki tambayi zaɓin da kike da shi, makarantun chata kuma, wato waɗanda gwamnati ke biya amma masu zaman kansu ke gudanarwa, da ƙuri'a ake shiga, yawanci ana rufe karɓar takarda 1 ga Afrilu, su ma ki auna su da wannan ma'aunin, ki ƙara da tambayar yara nawa ke fita kafin su gama da yadda suke ɗaukar masu koyon Turanci. Kar ku yi amfani da adireshin wani dan a samu makarantar wata unguwa, ana bincike kuma in aka gano yaron ne za'a tayar a tsakiyar shekara. Canza makaranta kansa na da tsada a wajen yaro, sabbin abokai, sabuwar manhaja, wata sa'in tafiyar jirgin ƙasa ta minti arba'in da sanyin safiya, dan haka sai an tabbata inda za'a kaishi ya fi inda yake.

Ki nuna wa maigidan wannan amsar, ku nemi ranar da zaku shiga makarantar tare da safe lokacin darasin karatu, akwai ma'aikacin da aikinsa kenan hulɗa da iyaye a kowace makarantar gwamnati ta birnin, ta wajensa zaku bi. In kun samo lambar ci gaban da sakamakon gwajin yaron na farkon shekara, ki turo min su ba tare da sunansa ba in duba miki.